Ɗumin da Ke Zuwa Bisa Jaki

Ni ban taɓa zaton za ni tsufa ina gadin tsiron tarugu ba. Gero na sani da dawa, su ubana ya koya mani a gonarmu ta Gatawa, su kuma na yi ta nomawa har gemuna ya fara fari. Shekarar da ɓarayin daji suka hana mu zuwa gona, muka kwashi abin da ya kwasu muka dawo Sabon Birni. Matata ba ta cika shekara a nan ba Allah ya karɓi abinsa. Ɗiyana maza biyu suka yi kudu neman abinci, macen kuwa tana gidan mijinta a Maraɗi. Aka bar ni da ɗaki guda da buta, da wani ɗan fili a bayan gari wanda kawuna ya ce in yi abin da na ga dama da shi.

Wani ɗan kasuwa mai kai kaya Nijar shi ya ba ni shawarar rumfar leda. Ya ce can ya ga ana lanƙwasa sanduna a rufe su da farar leda mai kauri, a raini irin tumatir da tattasai da tarugu a ciki, in sun isa dashe masu noman rani su zo su saya. Na ce to, ai zama bai fi wannan ba. Na kafa tawa, tsawonta taki goma sha biyu, in na shiga sai na ɗan sunkuya. Mutanen fadama suka fara zuwa suna ɗauka, na samu abin sa wa bakina.

Matsalar ɗari ce. Lokacin da masu fadama suka fi son dashe, lokacin ne sanyi ke sauka, shi kuwa tarugu raggon iri ne na gaske. In ƙasa ta yi sanyi sai ya kwanta ciki ya ƙi motsi, mako uku kana zuba ruwa kana kallon ƙasa kamar wawa. Da rana ledar tana riƙe zafi, amma kafin asuba duk ya tsere. Sai na riƙa sa kaskon gawayi uku a ciki. Wayyo ƙirjina! Da safe in na ɗaga ledar, wani tururi mai ɗaci ke tarye ni, in yi ta tari har hawaye. Ledar ta yi baƙi daga sama, rana ta daina shiga sosai, tsiron da ke kusa da kasko ya ƙone, na nesa ya ci gaba da barcinsa. Ga shi gawayin ma ya yi wuya, don babu mai hankalin da zai shiga daji saran itace a wannan zamani.

Wani malamin gona ya taɓa biyowa ta wurin, yaro ne mai ladabi, ya leƙa ya ga kaskona. Ya ce, “Baba, hayaƙin nan fa shi ke taruwa a sama yana ɓata damina. Duk duniya yanzu masu irin rumfarka, manya-manya, suna neman hanyar ɗumama ta ba da ƙone-ƙone ba.” Raina ya ɓaci. Na ce mashi, “Kai yaro, duk motocin da ke duniya da jiragen sama ba su ɓata damina ba sai kaskona guda uku? In kana da wata wuta wadda ba ta hayaƙi, kawo. In ba ka da ita, sauka lafiya.” Ya yi dariya ya hau babur ɗinsa. Daga baya na ji kunya, don ba ƙarya ya yi ba, ni ne dai talauci da kaɗaici suka sa bakina ya yi kaifi.

Kaɗaicin nan kuwa ba na wasa ba ne. Garin cike yake da mutane, ’yan gudun hijira irina ma sun fi a ƙirga, amma kowa da abin da ya dame shi. A masallaci a gaisa, kowa ya sa takalminsa. Sai in wuni bayan gari ban furta kalma goma ba. Har na kama kaina ina yi wa tumatir faɗa.

A cikin wannan hali ne Bahillacen ya same ni.

Tun muna yara na san shi. Ubansa shi ke kawo shanu gonar ubana kowace kaka bayan an cire amfani. Shanun su ci kara da harawa, su kwana a gonar mako biyu ko uku suna zuba mana taki, ubana kuma ya auna masu gero. Haka kakanninmu suka yi, babu takarda, babu shaida. Da iyayenmu suka rasu muka ɗora ni da shi. Ba ya kiran sunana, “Kaɗo” yake ce mani, yadda Fulani ke kiran Bahaushe, ni kuma in ce mashi “Bahillace”, ya tsokane ni da tsagen fuskata, in tsokane shi da ƙafafunsa kamar sillen kara. Da aka watse ban ƙara jin labarinsa ba har shekara biyu.

Ranar ina tsugune ina fitar da toka na ji an ce, “Kaɗo, ashe ba ka mutu ba?” Na ɗago na gan shi tsaye da sandarsa bisa kafaɗa, ya rame, ya yi duhu. Wallahi sai da na zauna ƙasa. Ya ce ɓarayin sun kore mashi garke a can wajen Turba, saura ’yan shanu bakwai da suka ɓace cikin daji ranar suka dawo da kansu. Da su ya matso bayan gulbi, ta hanyar Isa, shi da matarsa. Na dafa shayi muka sha, muka lissafa waɗanda suka mutu da waɗanda ba a san inda suke ba. Rabona da yin magana mai tsawo haka tun ranar da aka rufe matata.

Da ya leƙa rumfar ya fito yana tari yana zagina. “Kaɗo, mi kake yi haka? Kana ƙone itace, ga wuta kyauta a bayan saniya?” Na ce wace irin wuta. Ya ce in ban taɓa ganin tarin kashin shanu yana hayaƙi da safe lokacin ɗari ba, to ban taɓa tashi da wuri ba. Ya ce ’yan maruƙa da kansu ke zuwa su kwanta jikin tarin don ɗumi. In haƙa rami cikin rumfar, zurfin gwiwa, in cika da kashin shanu haɗe da ƙaiƙayi, in yayyafa ruwa, in tattake, in rufe da ƙasa kamu guda, in shuka bisa. Ya ce za ni ba shi labari.

Ban jira shi ba, don ni mai gaggawa ne. Washegari na haƙa rami, na tafi wurin wani mai turken shanu a cikin gari na zaɓo taki mai kyau. Kuma duk manomin da ya san aikinsa zai gaya maka abin da ake nufi da taki mai kyau: tsoho, busasshe, wanda ya shekara ya yi laushi, in ka murza ya zube kamar gari. Ɗanyen kashi ƙone shuka yake yi, wannan ko yaron goye ya sani a ƙasarmu. Har faɗa na yi da mai turken don ya so ya haɗa mani da ɗanye. Na cika rami, na rufe, na kashe kaskona, na shuka tarugu. Kwana goma ina tura hannu cikin ƙasa, sanyi ƙalau kamar randa. Irin ya ruɓe, ko ɗaya bai fito ba.

Da Bahillacen ya dawo ko sallamarsa ban amsa da kyau ba. Na ce, “Kai dai ba ka taɓa shuka ko barkono ba, ka zo ka sa na yi asarar iri.” Ya shiga ya tona ramin da sandarsa, ya damƙo takin ya shinshina, sai ya fashe da dariya har yana riƙe ciki. “Kaɗo! Gawa ka binne kana jiran ta yi zufa? Wanga ai ya gama zafinsa tun bara. Ɗanye nake nufi, na jiya, wanda in ka taka za ka zage ni.” Na ce ɗanye ƙone tsiro yake. Ya ce, “To ba ƙunar kake nema ba? Ƙasar da ke tsakani ita za ta raba su.” Na ce mashi ya rufe mani baki ya zo ya sha shayi.

Bayan kwana uku ya zo da jakinsa, mangala cike, tana ɗiga. Wari kam ba a magana. Muka cakuɗa da ƙaiƙayin gero, muka tattake da ƙafafunmu, tsofaffi biyu muna zamewa muna riƙe juna. Ya ce kada in shuka sai zafin farko ya faɗa. A rana ta huɗu na tura hannu da sassafe, na fizge shi da sauri. Zafi! Babu wuta, babu hayaƙi, ƙasa kawai tana numfashi. Na tsaya cikin rumfar ni kaɗai ina ta cewa ikon Allah, ikon Allah. Bayan mako na shuka, cikin kwana tara tarugu ya fasa ƙasa layi-layi.

Ramin yakan riƙe ɗumi wajen wata guda, don haka na haƙa huɗu, ana sabunta ɗaya kowane mako. Ma’ana kowane mako Bahillacen zai taso da asuba ya iso da hantsi. Ni kuma in auna mashi gero kamar yadda ubana ke auna wa ubansa, in ya gama ya shiga gari ya sayi gishiri da kanwa da maganin matarsa mai ciwon ƙirji. Tarina ya tafi. Na wanke ledar ta koma fara. Takin da ya gama zafinsa kuma masu fadama suna rububinsa. Amma in faɗi gaskiya, ba tarugun nake jira ba a ranar zuwansa. Tun ana gobe zai zo nake tanadin labarin da za ni ba shi. Shi kaɗai ya rage cikin sa’o’ina wanda ya san gonarmu, ya san matata tana amarya, ya san muryar ubana. In ya zauna bisa buhu yana hura shayi, sai in ji ni mutum ne mai asali, ba ɗan gudun hijira kawai ba.

Damina biyu muka yi haka, ɗari biyu. A na uku ne magana ta fara.

An kai hari wani ƙauye ta wajen Tsamaye, aka ce wani ne ya nuna hanya. Daga ranar duk mai rawani da sanda ya zama abin kallo. Maƙwabcina, mai sayar da itace da gawayi, shi ya fara tare ni bayan sallar la’asar. Ya ce, “Malam, wanga baƙon naka da ke zuwa duk mako, ka san inda yake kwana?” Na ce na san inda ubansa ma ya kwana. Ya ce shi dai ya faɗa mani. Na ce ya riƙe faɗarsa, da ma haushi yake ji na daina sayen gawayinsa. Muka rabu ba daɗi.

Sai abin ya yi ta girma. Samarin da ke gadin unguwa suka fara tsayar da shi a bakin gari suna soka sanda cikin mangala, wai ko akwai abin da ya ɓoye cikin kashin. Ya iso yana dariya ya ce sun sha wari. Wasu masu fadama suka daina zuwa wurina. Wanda ya zo sai ya tsaya nesa ya ce a miƙo mashi. A masallaci na lura in na tsaya a sahu, na kusa da ni yakan ɗan matsa. Wata rana na ji da kunnena, ina wucewa, wani ya ce, “Ga mai gidan infoma nan.” Na juya na ce wane ɗan banza ne ya faɗa, ya fito ya maimaita. Babu wanda ya fito. Na isa gida, kuma ba fushi kaɗai ke cikina ba, har da tsoro. Na ga abin da aka yi wa mutanen da aka laƙa wa wannan suna na mai kai wa ɓarayi rahoto. Na riga na gudu sau ɗaya, ba ni da wani garin da za ni.

Ana cikin haka malamin gonan nan ya dawo, da murnarsa. Ya ga ramukan ya yaba, har ya ɗauki hoto. Sannan ya ce akwai wata dabarar ma da ba ta buƙatar ɗauko komai daga ko’ina. In samu gangunan ƙarfe, in shafe su da baƙin fenti, in cika da ruwa in jera ta gefen da rana ke bugawa. Su sha zafi wuni guda, in sanyi ya sauka su riƙa sakinsa a hankali har safe. Shi bai san abin da ke faruwa ba, yaron kirki, taimako ya zo yi. Ni kuwa tun bai rufe baki ba na san abin da za ni yi da maganarsa, kuma na san ba don tarugu ba ne.

Ɗan kasuwan nan mai zuwa Nijar ya samo mani ganguna shida. Na fente su, na cika, na jera. Abin haushi, suka yi aiki. Ɗuminsu bai kai na rami ba, amma ya isa. Na so a ce sun ƙi, wallahi na so, da sai in ce wa mutane ba ni da yadda za ni yi. Mako biyu ina ganin Bahillacen yana sauke mangala kusa da gangunan, yana tambaya na mene ne, ina ce mashi ruwan ban-ruwa ne nake tarawa.

Ranar da na faɗa mashi, da hantsi ne, maƙwabcina yana zaune bisa tarin itacensa yana kallonmu, da wasu mutum biyu. Ban bari ya kwance igiyar mangalar ba. Ban ɗora shayi ba. Na ce, “Bahillace, ka huta da wahalar nan haka. Gangunan nan ɗumi suke yi, rana ke zafafa su. Ba sai ka riƙa taso wa tun asuba ba, ga hanya ba kyau.” Na yi ta zuba, ina faɗin yadda ake fentin, yadda ruwa ke riƙe zafi, abin da malamin gona ya ce game da hayaƙi da damina. Duk gaskiya ne abin da na faɗa, kuma ban taɓa jin ƙazantar bakina kamar ranar ba.

Ya saurare ni har na gama. Ya shiga rumfar ya sunkuya, ya ɗora tafin hannunsa bisa ganga ɗaya, ya daɗe. Sannan ya fito ya ce, “Da ɗumi kam. Kuma wagga ba wanda zai tsayar da ita a bakin gari.”

Na ce ba haka ba ne. Ya ce, “Na sani, Kaɗo.” Ya kwance mangalar duk da haka ya zube kashin a gefen rumfa, ya ce jakin ba zai koma da kaya ba. Na kawo gero na auna mashi, na ƙara mudu biyu, bai ce a rage ba, bai yi godiya ba. Ya ɗaure bisa jaki. Ya ce yau ba zai shiga kasuwa ba, maganin matar zai ɗan ƙara kwana. A lokacin ne na gane abin da ban taɓa tsayawa na duba ba: kashin nan shi ne dalilinsa na shigowa gari. In an tsayar da shi, cewa yake wurina za shi, a bar shi ya wuce. Yanzu na karɓe wannan.

Ya kama igiyar jaki, ya rage murya yadda su maƙwabcina ba za su ji ba. Ya ce, “Raka ni zuwa bakin gulbi. Samarin nan sun yi yawa yau, kuma ba su san ni ba, sababbi ne. In sun gan mu tare ba za su taɓa ni ba.”

Tafiyar ba ta kai a sha kofin shayi biyu ba. Na dubi hanyar, na dubi mutanen da ke bisa itace, duk suna jira. Na ce mashi ƙafata ke ciwo tun jiya.

Ya sunkuyar da kai ya dubi ƙafar tawa, ta dama, sannan ta hagu, kamar yadda yake duba saniya. Ya ce, “Allah ya sawwaƙe.” Ya buga wa jakin sanda a hankali suka kama hanya.

Maƙwabcina ya sauko daga bisa itacensa ya zo ya miƙo mani hannu, ya ce sannu da aiki, ya iyali. Na ba shi hannun. Shekarar nan kowa ya dawo sayen dashe wurina, sahu ya daina matsawa. Na tambayi masu zuwa kasuwar Isa, na tambayi masu kawo nono, na tambayi ɗan kasuwan Nijar ko ya ga wani dogon tsoho da jaki da mata mai tari. Wani ya ce sun ƙetara iyaka, wani ya ce ba haka ya ji ba, ya kuma ƙi faɗa mani abin da ya ji. Ban sani ba ko ya kai gulbin ranar.

Ƙafata lafiyarta lau, ranar da yau duka. Da ita nake zuwa masallaci sau biyar.